Farin Bakin Jarirai da Ƙaiƙayin Mata: Sai Bango Ya Tsage Ƙadangare Ke Shiga

Wannan shi ne jawabin da Editan jaridarmu ya gabatar a gaban malaman yaƙi da jahilci da ɗalibansu a birnin Sakkwato. Mun buga shi domin a karanta a azuzuwa, wanda ya iya karatu kuma ya karanta wa na gida.



Shugaban taro, malaman azuzuwan yaƙi da jahilci, iyayenmu mata, ungozomomi, 'yan'uwa ɗalibai maza da mata, barkanku da zuwa, da fatan kun baro gida lafiya.

An ɗora mini in yi magana yau a kan wata cuta wadda da wuya a sami gidan da ba ta taɓa shiga ba, amma ba a cika ambatonta cikin mutane ba saboda kunya. Ita ce ke sa farin abu kamar kindirmo a bakin jariri har ya ƙi kama nono. Ita ce kuma ke sa wa mata ƙaiƙayin gaba da fitar farin ruwa mai kauri, wanda akan haɗa da wasu cututtuka a kira su duka "sanyi". Likitoci suna kiran ƙwayar da ke kawo ta kandida. Ni ba likita ba ne, aikina shi ne in tattaro abin da masana suka tabbatar in kawo muku shi cikin Hausa. Idan na ambaci abin da ba a saba ambata ba, a yi mini afuwa, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Saƙon da nake so kowa ya koma gida da shi guda ne. Kandida tana zaune a jikin mutane da yawa, kuma ba ta tashi sai ta ga jiki ya yi rauni. Saboda haka aiki biyu ne a gabanmu: a yi mata maganin da ya dace da ita, sannan a nemi abin da ya ba ta ƙofa.

Mece ce kandida?

Ƙwayoyin cuta iri-iri ne. Akwai bakteriya, kamar masu kawo taifot da tarin fuka. Akwai bairos, kamar masu kawo ƙyanda da shan inna. Kandida ba ta cikin waɗannan. Danginta su ne fumfunar da ke fitowa a kan tuwon da ya kwana biyu, da kuma yis ɗin da masu burodi ke sa wa fulawa ta kumbura. Wannan bambanci yana da muhimmanci ƙwarai, domin maganin da ke kashe bakteriya ba ya taɓa kandida.

Ƙwayar ƙanƙanuwa ce ainun. Sai an jera wajen guda 200 kafin su kai tsawon milimita ɗaya, watau ɗan ƙaramin zanen nan na jikin rula. Yadda take hayayyafa shi ne ta yi toho a gefenta, tohon ya girma ya rabu da uwar, shi ma ya yi nasa. Idan ta sami sarari kuma sai ta sake kama, ta miƙa wasu zaruruwa kamar saiwa, su kutsa cikin fatar baki ko ta gaba. Wannan kutse shi ne ke kawo ja da zafi da ƙaiƙayi.

Ba sabuwar cuta ba ce. A shekarar 1839 wani likitan Jamus mai suna Langenbek ya ga ƙwayar a cikin farin bakin wani majinyaci. A shekarar 1923 wata masaniya 'yar ƙasar Holan, Kiristin Berkhut, ta raɗa mata sunan kandida, daga kalmar Latin mai nufin fari. Tana da iri da yawa, amma wadda ta fi damun mutane ita ce ake kira kandida albikans.

To, a ina take zama? A baki, da hanji, da gaban mace, da lungunan fata. Mutane masu yawa suna ɗauke da ita suna kuma cikin ƙoshin lafiya. Abin da ke danne ta abu biyu ne: garkuwar jiki, da wasu bakteriya masu amfani da Allah ya halitta a jikinmu. A gaban mace, alal misali, akwai masu sa wurin ya zama da ɗan tsami, kuma su ne ke cike gurbi su hana baƙi yaɗuwa.

Manoman da ke nan sun san ƙuduji, wanda wasu ke kira wuta-wuta. Irinsa yakan yi shekaru kwance cikin ƙasa. Gonar da ke samun taki ba ya cin ƙarfinta, amma da ƙasa ta gaji sai ya rufe gero. Haka kandida take da jikin ɗan Adam.

Me ke ba ta ƙofa?

Na farko, shan maganin kashe bakteriya barkatai. Kafso ja da yalo, da amfisilin, da ire-irensu, waɗanda ake saya a tire a kasuwa ko a kemis ba tare da takardar likita ba. Waɗannan magunguna ba su san na gida da baƙo ba. Sukan kashe masu cuta, su haɗa da masu gadi, sai kandida ta sami fili. Al'adar nan ta ɗura wa jariri sabon haihuwa irin wannan magani wai don rigakafi, tana cikin abin da ke jawo farin baki.

Na biyu, juna biyu. Canjin da ciki ke kawowa a jikin mace yana sa kandida ta ji daɗin zama, musamman a watannin ƙarshe. Jariri kuma yakan ɗauke ta wajen haihuwa.

Na uku, ciwon suga. Kandida tana son zaƙi. Idan suga ya yi yawa a jini, yakan fito a fitsari da sauran ruwan jiki, ya zama mata abinci.

Na huɗu, duk abin da ke karya garkuwar jiki: tamowa, da ƙyanda, da tsufa, da maganin ciwon daji, da cutar ƙanjamau. Haka nan ƙwayoyin sa ƙiba da ake kira "sha ka fashe", da wasu mayukan bilicin, domin da yawansu suna ɗauke da sinadarin da ke kwantar da garkuwar jiki.

Na biyar, zafi da laima. Mu a Sakkwato mun san bazara. Daga Maris zuwa Mayu zafi yakan wuce digiri 40. Gumi ya taru ƙarƙashin nono, ko matsematsi, ko hammata, ga tufafin leda masu matse jiki, to an yi wa kandida shimfiɗa. Haka jaririn da ya yini da jiƙaƙƙen nafkin, da mai wanki ko wanke-wanke da hannunta ba ya rabuwa da ruwa.

Na shida, wanke cikin gaba da sabulu mai ƙarfi ko ruwan maganin kashe ƙwayoyi, da cushe-cushen kayan mata, da alif, da turare. Ana yi ne don neman tsabta ko gyara, amma suna korar masu gadin wurin, suna kuma ƙona fata. Ruwa mai tsabta a waje ya wadatar.

Alamominta

A bakin jariri za a ga farin abu a harshe, da cikin kumatu, da ganɗa. Ga yadda uwa za ta bambanta shi da ragowar nono: ta wanke hannu, ta sa tsumma mai tsabta mai laushi ta shafa a hankali. Nono yana gogewa nan take. Kandida tana manne, idan kuma ta ɓanɓaru sai a ga wurin ja, wani lokaci har da ɗan jini. Jaririn yakan yi ta kuka, ya kama nono ya saki. Uwar ma kan nononta yakan yi ja da zafi. A ɗuwawun jariri kuma takan fito jajir cikin lungun cinya, da ƙananan ƙuraje a gefe.

Ga mace, babbar alama ita ce ƙaiƙayi mai tsanani, da farin ruwa mai kauri kamar gudajin kindirmo, wanda yawanci ba ya wari. Akwai zafi wajen fitsari da wajen kwanciyar aure. Masana sun ƙiyasta cewa mata 3 cikin 4 sukan gamu da wannan aƙalla sau ɗaya a rayuwarsu.

A nan ina roƙon 'yan'uwana maza su buɗe kunne. Likitoci ba su lissafa kandida cikin cututtukan da ake ɗauka ta hanyar lalata ba. Budurwar da ba ta san namiji ba tana iya yin ta, haka yarinya, haka tsohuwa. Kada wani ya zargi iyalinsa a kan abin da jikin mutane da yawa ke ɗauke da shi. Kuma ba daga masai ake kwaso ta ba kamar yadda ake yawan faɗa, saboda haka kada kishiya ta zargi kishiya. Zargi shi ke sa mace ta ɓoye ciwo ta yi ta shan wahala ita kaɗai.

Yadda ake gane ta a asibiti

Ba duk farin ruwa ne kandida ba. Akwai wanda bakteriya ke kawowa, mai ƙarni kamar na kifi. Akwai mai kumfa, ruwan ɗorawa ko kore-kore, wanda wata ƙwaya daban ke kawowa, shi kuma ana ɗaukarsa tsakanin miji da mata. Akwai ciwon sanyi na ainihi, wanda in an bar shi yakan toshe hanyar haihuwa. Kowanne da maganinsa. Wadda ta haɗa su duka ta kira "sanyi" ta je kemis, tana iya shan magani wata da watanni ba ta dace ba.

A asibiti ma'aikaciya za ta yi tambayoyi, ta duba, sannan ta sa ɗan tsinke mai auduga ta lakato ruwan. A ɗakin gwaji akan ɗora shi a kan gilashi, a ɗiga masa wani ruwa mai narkar da datti, a duba da madubin likita. Idan kandida ce za a ga ƙwayoyin da tohonsu da zaruruwansu. Wannan ba ya ɗaukar lokaci. Idan ana son ƙarin tabbaci sai a shuka ruwan a cikin wani faranti mai abincin ƙwayoyin, a ajiye a wuri mai ɗumi. Cikin kwana 1 zuwa 2 za ta tsiro fara kamar man shanu. Akwai kuma gwajin da ake sa ta cikin ruwan jini na awa 2 zuwa 3 a ɗumin jikin mutum. In ta fitar da ɗan tsiro, an san albikans ce. Sanin irin yana da amfani ga wadda ciwon ke yawan dawo mata, domin wasu irin ba su jin maganin da aka saba bayarwa.

A nan cikin gari muna da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, da Asibitin Ƙwararru, da Asibitin Mata da Yara na Maryam Abacha. Na ƙauye su fara da ɗakin shan magani mafi kusa, in abin ya fi ƙarfinsu za su tura gaba.

Magani

Alhamdu lillahi, cutar tana da magani, kuma ba mai wuyar samu ba ne. Zan faɗi yadda aka saba bayarwa domin ku gane abin da aka rubuta muku, amma umurnin ma'aikacin lafiya shi ne abin bi.

Ga farin bakin jariri, maganin shi ne nistatin na ruwa. A jikin kwalba za ku ga an rubuta Nystatin. Mata biyu ne suka gano shi a Amurka a shekarar 1950, Elizabet Hazen da Racel Biraun, suna aiki a ma'aikatar lafiya ta jihar Niyok. Akan ɗiga mililita 1 a cikin baki sau 4 a rana, bayan jariri ya sha nono, har kwana 7. Ko farin ya ɓace, a ƙara kwana 2. Idan kan nonon uwa yana ciwo, ita ma a yi mata magani lokaci guda, in ba haka ba za su yi ta miƙa wa juna. Kada a daina shayarwa. Masu ba da madara a kwalba su san kwalbar matattara ce. Kofi da cokali sun fi sauƙin wankewa.

Kada a kankare bakin jariri da ƙarfi, kada a sa masa kanwa ko toka. Kada kuma a shafa masa zuma, domin likitoci sun hana ba yaron da bai kai shekara 1 ba zuma, tana iya ɗauke da wata ƙwaya mai shanye jikin jariri. Shuɗin maganin nan da iyayenmu suka saba shafawa, idan ya yi ƙarfi yana ƙona baki, saboda haka kada a sa sai ma'aikacin lafiya ya ce.

Ga mata akwai ƙwayar da ake sawa a gaba da dare, mai suna Clotrimazole a jikin kwali. Akwai mai miligiram 100 ta dare 6 ko 7, akwai mai 200 ta dare 3, akwai mai 500 ta dare ɗaya. Akwai kuma man shafawarta don ƙaiƙayin waje. Sannan akwai kafso na sha mai suna Fluconazole, miligiram 150, guda ɗaya tak. Amma mai juna biyu kada ta sha wannan kafso, domin yana iya cutar da ciki. Nata shi ne na sawa, na kwana 7. Miji ba ya bukatar magani sai in shi ma yana da ja ko ƙaiƙayi.

Ga lungun fata da ɗuwawun jariri, a wanke, a busar, a bar wurin ya sha iska, a shafa man da aka rubuta. A yi hattara da mayukan nan masu haɗi uku da ake cewa suna maganin kowane ƙurji. Sinadarin da ke cikinsu yana kwantar da ƙaiƙayi kwana biyu, amma yana sirantar da fatar jariri, cutar kuma ta dawo da ƙarfi.

Idan ta ƙi tafiya

Wannan shi ne sashen da ya fi kowanne muhimmanci. Farin baki ga jariri ɗan 'yan makonni abu ne da aka saba gani, kada uwa ta tsorata. Amma akwai lokutan da kandida 'yar aike ce, tana sanar da cewa akwai wani abu a ɓoye.

Macen da ciwon ke dawo mata sau 3 ko 4 a shekara, ta nemi a auna mata suga. Mutane da yawa ta wannan hanya aka gano suna da ciwon suga, tun bai taɓa musu ido ko ƙoda ba.

Babban mutum da farin baki ya fito masa, ba ya shan kafso, ba ya sa haƙoran roba, ba ya shaƙar maganin asma, ya je a gwada jininsa, har da gwajin ƙanjamau. Idan kuma yana jin zafi a ƙirji wajen haɗiya, alama ce cutar ta gangara maƙoshi, wannan sai an sha magani na mako 2 zuwa 3 a hannun likita. An fara ba da rahoton ƙanjamau a Nijeriya a shekarar 1986, lokacin da babu maganin da ke danne ta. Yau akwai, kuma tun 2006 gwamnati ta fara ba da shi kyauta. Wanda ya san matsayinsa da wuri ya kama magani, garkuwarsa takan farfaɗo, ya ci gaba da noma da kasuwancinsa.

Yaron da farin baki ya ƙi warkewa, ko yana ramewa, ko ya tashi daga ƙyanda, a kai shi asibiti. Kuma a lura da wannan: idan dasashin yaro ya kumbura yana jini, bakinsa yana wari, kumatu ya fara kumbura, wannan ba kandida ba ce. Tana iya zama cutar noma mai zaizaye baki, wadda ke cin fuska cikin 'yan kwanaki. Kada a kwana. Muna da Asibitin Noma a nan Sakkwato tun shekarar 1999, kuma idan an je da wuri ana tsayar da ita.

Har ila yau kandida takan shiga jini ga majinyatan da suka jima kwance a asibiti da jariran bakwaini, kuma a nan tana kisa. A shekarar 2009 aka gano wani sabon iri a ƙasar Japan mai suna kandida auris, wanda ba ya jin yawancin magunguna, kuma tuni aka same shi a ƙasashe da dama har da Nijeriya. A shekarar 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi da albikans cikin guda 4 mafi haɗari a dangin fumfuna. Duk lokacin da muka sha magani ba bisa ƙa'ida ba, muna koya wa ƙwayoyin cuta yadda za su gagare shi.

Inda karatu ya shigo

Wani zai ce me ya haɗa yaƙi da jahilci da wannan magana? Ku duba abin da na lissafa. Mililita 1, sau 4, kwana 7. Ƙwaya ta sawa da ƙwaya ta sha. Uwar da ta iya karatu ba za ta haɗiye ƙwayar da aka ce ta sa ba. Za ta duba ranar lalacewar magani a jikin kwali. Za ta nemi lambar hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993 don sa ido a kan abinci da magunguna. Za ta rubuta ranar da ciwo ya fara da sau nawa ya dawo, ta nuna wa likita.

Saboda haka ina roƙon malamai su mai da wannan darasi. A kawo kwalin magani da babu komai ciki, ɗalibai su karanta sunan, su nemo kwanan wata, su lissafa sau 4 a kwana 7 ɗigo nawa ke nan. A ajin mata a bar malama mace ta ja zancen, domin ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Ungozomomi su duba bakin jariri duk sanda suka je wanka. Magidanta kuma su ba da izini da kuɗin mota, su daina cewa "ai ƙaiƙayi ne kawai".

A taƙaice: kada a sha kafso sai da takardar likita. A sa kamfai na auduga, a shanya shi a rana. A bar cushe-cushe. A shayar da jariri nono zalla wata 6, a kai shi rigakafi. A gama magani ko an ji sauƙi. In ciwo ya dawo, a nemi dalili.

Idan kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya raya mana zuri'a, ya mai da kowa gidansa lafiya.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.